A ba su tallafin, amma a manna mana lissafin a bango

Malam Edita, assalamu alaikum, don Allah a ɗan ba ni fili.

Shekaranjiya a majalisarmu ta shayi nan Garwa gardama ta ɓarke, wani ya ce wai tunda Kamaru ƙasa ce da ba ruwanta da addini, don me za a ɗebi kuɗin haraji a ba coci ko ƙungiyar Musulmi? Na ce masa malam kai dai ciwo bai taɓa kwantar maka da mutum ba. Lokacin da tsohuwata ta karye a ƙugu asibitin Furotesta na Ngaundere muka kai ta, wanda 'yan mishan suka kafa tun tuni, carbinta na hannu har ƙofar ɗakin tiyata kuma ba wanda ya tambaye ta ina take sallah. Haka Tokombere can wajen Mora, asibitin Katolika ne amma kowa zuwa yake. Aikin gwamnati fa suke yi mata, to don ta ba su wani abu ina laifi.

Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne. Dokar 2004 ta makarantu masu zaman kansu ta san da na Katolika da na Furotesta da na Islama, kuma ana ba su tallafi, amma wallahi ka tambayi iyayen yara nawa ya shigo makarantarsu bana, kowa sai ya ɗaga kafaɗa. Ƙanina yana koyarwa a wata makarantar faranko-arab, irin wadda ake karatu da Faransanci da Larabci, yara sun fi ƙarfin benci wasu a tabarma suke, wata huɗu ba albashi, da an tashi sai ya ari babur ya shiga haya har isha'i. In ya yi magana darakta ya ce kuɗi bai sauko ba, ka je ofis a ce an tura, to tsakanin sama da ƙasa wa ya tare shi?

Mu ma da namu sakacin, gaskiya. 'Yan mishan dosiyensu tsaf, rasit da rajista komai a jere, mu kuwa sai a ce ai Alhaji ne ya gina, shi ya san komai, ranar da Alhaji ya rasu takardu suka bi shi.

Roƙona kawai, duk makaranta ko asibitin da ya karɓi ko sefa ɗaya na gwamnati, a rubuta adadin da ranar da ya shigo a manna a bakin ƙofa, da Faransanci da Fulatanci da Hausa.

Naku,
mai karatu daga Yelwa, Garwa