Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate: a Kano aka yi binciken, amma yaranmu masu sikila na ta shanyewa

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, da fatan kana lafiya, Allah ya ƙara taimako.

Magana ɗaya ce ta kawo ni, maganar sikanin ɗin kai da ake yi wa yara masu sikila, wanda likitoci ke ce wa TCD. Kai likita ne, a ABU Zariya ka yi karatu, ka fi ni sanin abin. Ƴar na'ura ce da ake ɗora wa yaro a gefen kai tsakanin ido da kunne, a shafa masa ɗan man nan mai sanyi, sautin da kunne ba ya ji ya ratsa ƙashi ya auno gudun jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba allura, ba yanka, yaro yana kwance idonsa biyu. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya to an san yaron nan yana bakin shanyewar ɓarin jiki, kuma an sani tun kafin abin ya faɗo masa. Tun 1998 Amurkawa suka tabbatar da cewa in aka gano irin waɗannan yara aka riƙa yi musu ƙarin jini duk wata, haɗarin yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100.

To amma ƙarin jini duk wata a ƙasar nan? ina jinin, ina kuɗin, wane uba ne a Ringim ko Misau zai iya? Wannan ne ya sa likitocinmu na asibitin koyarwa na Aminu Kano da na Murtala da na Barau Dikko a Kaduna suka haɗa kai da jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka yi binciken da aka sa wa suna SPRING. Yara 220 ƴan shekara 5 zuwa 12, duk sikanin ya nuna suna cikin haɗari, aka raba su biyu ana ba su maganin hydroxyurea, wasu miligiram 10 kan kowane kilo na nauyinsu wasu 20, kuma sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ƙaramin awon ma yana kare yaro kamar babban. Wato ƙwaya ce da uwa za ta ba ɗanta a gida da safe. Duniya ta karanta wannan aiki, kuma da yaranmu aka yi shi, iyayensu ne suka yi ta safa da marwa zuwa asibiti suna sa hannu.

Ranka ya daɗe ina amfanin ya tsaya? A nan raina ke ɓaci wallahi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa haihuwar masu sikila, ana ƙiyasta jarirai 150,000 duk shekara, kuma an daɗe da sanin cewa in ba a yi rigakafi ba wajen 1 cikin 10 zai gamu da shanyewar jiki kafin ya cika shekara 20. Ƙa'idar likitoci ita ce a yi wa kowane yaro mai sikila wannan sikanin sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16, amma ka fita daga manyan birane ka shiga janaral asibitin ƙaramar hukuma ka tambayi TCD, ko ka tambayi iyayen da ke layin kilinik ɗin sikila ko sun taɓa jin sunan, za ka sha mamaki. Akwai yarinya a unguwarmu, ƴar aji uku, ta tashi da safe bakinta ya karkace hannun dama ya saki, kofin koko ma ta kasa riƙewa, aka ce iska ce aka yi ta hayaƙi da tofi, sai daga baya aka je asibiti. Yanzu da hagu take koyon rubutu tana jan ƙafa, uwarta ke goya ta zuwa islamiyya. Ba a taɓa ɗora mata na'urar nan ba ko sau ɗaya, kuma uwar ba ta da laifi, ba wanda ya taɓa gaya mata akwai irin wannan gwaji.

Kai ne fa ka haƙura da kujerar shugabancin Gavi, ƙungiyar nan ta duniya mai samar da alluran rigakafi, tun kafin ka hau ta a 2023 ka dawo gida, muka yi ta murna muna cewa namu ya dawo. A Disambar 2023 aka ƙaddamar da shirin gyara fannin lafiya gaban shugaban ƙasa da gwamnoni, a Nuwambar 2024 ka sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu rauni, mun gode Allah ya saka. To su masu sikila fa? Lokacin da kake hukumar lafiya a matakin farko ka zaga fadojin sarakuna kan foliyo har mutanenmu suka yarda da ɗigon, kenan ka san yadda ake kai abu lungu in an sa kai. Dan Allah dan Annabi ka yi wa yaran nan irin wannan tsayuwar. Abin ba ya buƙatar farfesa a kowane gari, a Arewan nan an koya wa nas-nas yin sikanin ɗin kuma sun iya. A sa na'ura da wanda ya iya ta a asibitocin tarayya da manyan asibitocin jihohi, a sa gwajin da maganin cikin abin da inshorar lafiya da asusun gwamnati na kula da lafiya a matakin farko, wato BHCPF, ke biya, domin in aka gano yaro yana cikin haɗari aka miƙa wa ubansa takardar magani aljihunsa ba komai to ba a yi komai ba, an dai ƙara masa tashin hankali ne kawai.

Akwai maganar wutar lantarki da injiniyoyin da za su gyara na'ura in ta lalace, da kuɗin bincike da kullum sai mun jira daga waje, da kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi da aka yi alƙawarin ware wa fannin lafiya a Abuja tun 2001, duk na bar su sai wani jiƙon.

Ranar 19 ga Yuni ake ranar sikila ta duniya. Abin da nake roƙo shi ne ranar ta gaba ka fito ka faɗa mana asibiti nawa ke yin TCD a kowace jiha, yara nawa aka yi wa, nawa aka ɗora kan magani, da watan da sauran jihohin za su samu nasu.

Wassalam,
Wani mai kishin yara masu sikila, daga Kano