Gwangwanin Kawu

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyi, ya iyali? Wata biyar ke nan ba ka ce uffan ba, to ni na kasa haƙuri, don labarin da nake ɗauke da shi ba na waya ba ne. 

Ranar Asabar muka buɗe adakar Kawu, Allah ya jiƙansa. A ƙarƙashin takardunsa na koyarwa na tarar da gwangwanin sigari cike da bakin alƙalami na ƙarfe, irin wanda ake tsomawa a tawada. Ka tuna ramin da ke jikin tsofaffin teburan ajinmu, wanda kake cusa ɓawon gyaɗa a ciki? Mazaunin kurtun tawada ne, malam! Na ƙirga 83, ban da wani ɗan kwali da ba a taɓa ɓarewa ba, mai dozin goma sha biyu, wato 144, yadda ake sayar da su a da.

Na aro gilashin mai gyaran agogon bakin kasuwa, dare uku ina karanta rubutun da aka buga a gindin kowanne. Nan asirin yake: sunan maƙeri, lamba, da gari. Mafi yawa an rubuta Joseph Gillott, 303 ko 404, sai na William Mitchell masu faɗin baki. Garin kuwa? Birmingham. Garin da kake zaune shekara shida ba ka san komai a cikinsa ba sai shagon mai tsire! A ƙarni na 19 can ne cibiyar ƙera su a duniya, kuma galibin ma'aikatan mata ne, kowane baki sai ya bi hannu da hannu: a yanka, a huda, a lanƙwasa, a gasa, a wasa, sannan a tsaga. Washin nan shi ya fi ɗauke min hankali. A tsofaffin za ka ga sawun dutse siriri kusa da tsini, shi ke sa bakin ya buɗe da taushi idan ka danna. Da yawa cikin na baya-bayan nan layuka kawai inji ke bugawa. Na gwada ɗaya mai lamba 303, layi ya fito kamar gashi, na ɗan danna ya yi kauri. Wallahi sai da na ga hannun Kawu a takardar.

Akwai huɗu da tsininsu ya ɗago sama, na ɗauka lanƙwashewa suka yi, ashe haka aka ƙera su don kada su caki takarda. Waverley sunansu, na kamfanin Macniven & Cameron na Edinburgh. Sai wasu 'yan sirara masu suna Sergent-Major, na makarantun Faransa, inda ba a yarda yara su riƙe biro a aji ba sai 1965. Waɗannan na tabbata daga amininsa na Damagaram suka fito. Af, jikar mutumin ce ƙanenka yake ta zarya a kanta, an ce har an kai gaisuwa. Kai da ka ce ba zai yi aure ba sai ka dawo, sai ka fara neman tikiti.

Damuwata tsatsa ce. Kusan 20 sun ci, kuma na yi kuskuren barin shida cikin ruwan tsami har safe, suka yi baƙi, tsagar biyu ta buɗe. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai. Yanzu ɗan man keken ɗinki nake shafa musu, in naɗe a takarda kafin damina ta sauka. Wanda zan yi rubutu da shi kuwa sai na wanke maiƙon da man goge baki, in ba haka ba tawada ba ta kamawa.

Don Allah ka je unguwar Jewellery Quarter, akwai gidan tarihin alƙaluma, Pen Museum. Ka ɗauko min hoton kwalayen Gillott, gaba da baya, in gwada da nawa ko zan gane zamaninsa. Ba zan ɓare shi ba sai na ji daga gare ka.

Hajiya na gaishe ka, ta ce yajin ya isa? Wannan wasiƙar da 404 na rubuta ta, ɗigon da ka gani a sama nasa ne.

Naka har kullum.