Gyara Kan Yadda Ake Haɗa Rauta ta Biyu a Gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin iyayen da ke ƙara rauta (na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi) ta biyu a gida da nufin taƙaita abin da wayoyin yara ke buɗewa a intanet.

Shawarar da aka fi ba su ita ce su kashe DHCP a rauta ta biyu, wato tsarin da ke raba wa kowace na'ura adireshinta, sannan su jona kebul daga ƙofar LAN (inda ake jona na'urorin cikin gida) ta rauta ta farko zuwa ƙofar LAN ta biyun. Wannan dabara ta dace da mai son Wi-Fi ya kai ɗakunan baya, amma ba ta biya wa mai son tacewa buƙata, domin bayanan wayar yaro za su wuce kai-tsaye zuwa rauta ta farko, dokokin da aka gindaya a ta biyun kuwa galibi ba za su taɓa su ba.

Abin da ya kamata shi ne a jona kebul ɗin a ƙofar WAN ta rauta ta biyu, wato ƙofar da intanet ke shigowa ta cikinta, a bar DHCP ɗinta a kunne, amma a tabbatar rukunin adireshinta ya sha bamban da na ta farko. Rautoci da yawa suna zuwa daga kamfani da lambar 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, kuma idan biyun suka yi karo a lamba ɗaya, sai intanet ya ƙi tafiya, maigida ya yi ta zargin kamfanin sadarwa alhali matsalar tana cikin falonsa. Saboda haka a fara haɗa ta biyun da kwamfuta ita kaɗai, a sauya lambarta zuwa 192.168.2.1, sannan a jona ta da ta farko. Firinta da kyamarar tsaro gara a bar su a kan ta farko.

Tacewa ta lambar MAC, wato lambar shaida ta musamman da kowace na'ura ke da ita, ita ma tana da rauni, domin tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ɓoye lambarsu ta asali. Ya fi sauƙi a ɗora dokar a kan duk wanda ya hau rauta ta biyu, misali a saka 1.1.1.3 na kamfanin Cloudflare, wanda ke toshe shafukan batsa da masu cutar da na'ura, a gurbin DNS, wato tsarin da ke nemo adireshin shafukan intanet. Sai dai duk wannan wahalar banza ce muddin yaran sun san kalmar sirrin rauta ta farko, don haka a sauya ta a ranar da aka kammala haɗin.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya