A Juya Mana Finafinan Tarihinmu Zuwa Hausa

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu sana'ar fassara finafinai da gidajen talabijin namu.

Kwanan baya na tsaya a shagon wani mai tura finafinai a waya a unguwarmu, yara sun yi cincirindo kowa riƙe da memori a hannu, na tambaye shi ko yana da fim ɗin Sarraounia. Sai ya ce bai taɓa jin sunan ba, amma idan fassarar Indiya nake so, kwamfutarsa cike take. Ban ga laifinsa ba, domin abin da aka kawo kasuwa shi yake sayarwa.

Wannan fim kuwa labarinmu ne. Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya shirya shi a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda a 1899 ta ja daga da rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, a lokacin da suka ratso ƙasar Hausa suna ƙona garuruwa, ciki har da Birnin Ƙonni. A Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma lashe babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1987. Ashe bai cancanci a ji shi da harshen jikokin waɗanda abin ya faru a kansu ba?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne fim ɗin Shaihu Umar, wanda ko fassara ba ya buƙata. Adamu Halilu ya shirya shi da Hausa a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya nuna cinikin bayi ta hamada da kuma uwar da ta bi sawun ɗanta har ita ma aka sayar da ita. An gyara tsohon faifansa, an haska shi a Balin ta Jamus a 2018, amma ɗalibaina da suka karanta littafin ba su ma san an yi fim ɗinsa ba.

Ina kira ga gidajen talabijin su nemi izinin haska Shaihu Umar ta hanyar da ta dace, masu fassara kuma su fara da Sarraounia, tare da neman malaman tarihi su duba aikin kafin a sake shi.

Naka,
Wani malamin makaranta, Zariya