Inna, Kujeru Na Je Jerawa

Abuja, Lahadi 4 ga Yuni, 2023

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun wuni lafiya. Ya ƙafar taki? Ya Gwaggo, ya iyalina da yaran? Ni lafiyata ƙalau, ina ci ina sha, kada ki sa komai a ranki. Auta, kai ne mai karatu, ka bi ta layi-layi, kuma in ka zo inda na ambaci Ɗanlami kada ka tsallake don yana zaune a wurin. Don shi na rubuta rabinta.

Na ba direban nan na Jibiya naira 40,000. Dubu 25 na gona ne, iri da taki da kuɗin masu huɗa, dubu 10 na maganinki, dubu 5 a ba uwar yarana a hannunta. Na san sittin na yi alkawari. Abin da ya ci ashirin ɗin shi zan faɗa miki yanzu, don kada ki ji shi a bakin wani da wani fasali.

Kawu ya aiko mini da murya a WhatsApp, yana ta sa mini albarka, wai labari ya zagaye unguwa cewa na shiga gidan gwamnati, har an gan ni da manya ranar rantsar da shugaban ƙasa. A ƙarshen albarkar ya ce ragon layya na bana ya bar mini shi. Inna, kujeru na je jerawa. Maigidan da nake wa aiki yana cikin waɗanda aka ba kafa rumfuna da jera kujeru a dandalin Eagle Square, shi ya sa aka rataya mana kati a wuya. Katin da kuka gani a hoto ke nan, da yamma ma karɓe shi aka yi. Farar rigar kuwa ta abokin kwanana ce.

Amma ba zan ɓoye miki ba, na ga abin da ban taɓa zaton gani ba. Litinin ce, 29 ga Mayu. Tun kafin ranar an toshe duk hanyoyin da ke bi ta Sakatariyar Tarayya, wanda ba shi da kati ko leƙe ba ya yi. Mu tun da duhu muka shiga, sallar asuba ma a kan kwali muka yi ta bayan janareta. Da gari ya waye sai ga ginin majalisa da koren tulluwarsa, ga dutsen Aso ya tokare a bayansa. Da baƙi suka fara cika wuri aka kora mu can baya wajen katan-katan na ruwa, daga nan muke kallo, rabi da ido rabi a babban allon talabijin.

Akwai wani soja da aka tsayar kusa da mu, yaro ne, ba zai girmi Ɗanlami ba. Gumi na bin gefen kuncinsa yana ɗiga a kan kwalar rigarsa, ƙuda ya sauka masa a hanci, wallahi ko ƙiftawa bai yi ba. Na fi kallonsa a kan manyan. Da aka fara harba igwa kuwa sai gani na na yi a durƙushe bayan katan, yaran wurin suna ta yi mini dariya.

Na ga Bazoum, shugabanmu na Nijar, a cikin shugabannin da suka zo. Da allon ya nuno shi ban san lokacin da na ce "ga namu nan" da ƙarfi ba. Wani yaron Jos da muke aiki tare, wanda ba ya kirana da komai sai Buzu, duk da na gaya masa har na gaji cewa ni Bakatsinen Maraɗi ne, ya ce to mu share wa Buhari ɗaki, tunda da bakinsa ya ce in aka dame shi a Daura zai tsallako Nijar. Babban alƙalin ƙasa ya rantsar da Shettima, sannan ya rantsar da Tinubu, aka sauke tuta aka ɗaga wata, Buhari ya kama hanyar filin jirgi sai Katsina. Shekara takwas, ya miƙa ya tafi da ƙafarsa. Wannan kam ya burge ni, ko ba komai.

Jawabin Tinubu da Turanci aka yi shi, ni kuwa ɗan Faransancin lakol ɗin ma ya gudu ya bar ni. Yaron Jos ɗin ne yake tsinto mini abin da ya ga dama. Can sai na ji wasu sun ɗauki tafi, ni ma na ɗaga hannu zan bi sahu, sai na ga shi ya dafe kai. Na ce lafiya? Ya ce, "Buzu, mun shiga uku, ya ce tallafin mai ya tafi." Ya yi mini bayani: gwamnati ce take cika kuɗin kowace lita shi ya sa fetur yake da araha, kasafin da aka bari bai tanadi wannan kuɗi ba bayan watan Yuni, sabon shugaba kuma ya ce za a juya su wajen hanyoyi da makarantu da asibitoci. Allah Ya sa. Waɗanda suka yi tafin dai na duba su da kyau, ba su yi kama da masu shiga motar haya ba.

Kafin mu gama kwashe kujeru gari ya rikice. Wasu gidajen mai sun ja ƙofa sun rufe, inda ake sayarwa kuma layi ya miƙe har kan titi. Ranar Laraba aka sauya farashi. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta koma 537 a nan Abuja. Kuɗin mota daga unguwarmu zuwa cikin gari ya ninka, mai shayi ya ƙara, mai tuwo ta rage malmala. Yanzu wani yanki na hanyar da ƙafa nake yin sa, ba wani abu ba ne, wanda ya saba zuwa gona ba zai ji wannan ba. Ƙungiyar ƙwadago ta ce za ta shiga yajin aiki ranar Laraba mai zuwa, in an yi hakan aikinmu ma zai tsaya, shi ya sa na riƙe ɗan abu a hannu. Ki yi haƙuri, Inna. Da daddare in na tuna rufin ɗakinki ga damina ta kawo kai, barci ba ya zuwa da wuri.

To kai Ɗanlami, buɗe kunnenka. Man da kake zuba wa babur ɗinka a kwalba wajen ƴan ruwa-ruwa daga nan yake tsallakawa, ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma arahar da kake gani wannan tallafin ne da aka cire. Ta ƙare. An ce mini kana neman bashi wajen abokanka za ka sari jarkoki ka ɓoye wai zai ƙara tsada. Ban yarda ba. Na farko, fetur a ɗakin da yara ke kwana kusa da murhu, kana da hankali kuwa? Na biyu, na gidan mai na SONIDEP yana nan a sefa 540, matatar Zinder ba ta tsaya ba, in naka ya fi shi tsada wa zai saya? Ka ci gaba da kabu-kabunka, ka sha a gidan mai, ka ƙara wa fasinja abin da ya dace, ka kawo wa Inna na cefane kullum kamar yadda muka yi da kai kafin in taho.

Kuma maganar za ka hawo babur ɗin ka zo Abuja ka cire ta daga ranka. An hana acaɓa a tsakiyar birnin nan tun 2006, in aka kama babur ba lallai ka sake ganinsa ba. A unguwannin gefe da ake yi, masu yin sun fi fasinja yawa, ga mai a wannan farashi. Ɗakin da nake ciki kuma ba ya ɗaukar ƙarin mutum ko a tsaye. Babur ɗin nan da kuɗin akuyoyin Inna aka saye shi, kada ka manta. Ba a cin bashi a kansa, ba a jinginar da shi, ba a fita da shi daga Maraɗi.

Inna, abu ɗaya a jawabin da zai yi miki daɗi. Tsofaffin takardun naira da kika ƙulle tun rikicin canjin kuɗi, na 200 da na 500 da na 1,000, kada ki bari kowa ya karɓe miki su a rabin daraja. Tun watan Maris kotun ƙoli ta ce suna aiki har ƙarshen Disamba, shi ma Tinubu ya faɗa a wurin cewa tsoho da sabo duk kuɗi ne. A nan da su muke saye da sayarwa. Ki fito da su, Auta ya raka ki wajen mai canjin da muka saba da shi, ko a kashe su a kasuwa wajen masu karɓar naira. A cikin waɗanda na aiko ma akwai tsofaffi, kada wani ya ce miki na turo takardun banza.

Shi kuma Kawu, ki lallaɓa shi yadda kika iya, ke ce kika san bakinsa. Ba na so ya ji kamar na raina shi. Ki ce masa bana dai ya yi haƙuri, layya ga mai iko take. Mu ma in Allah Ya hore, ko tunkiya ce a yanka a gidanmu, in bai hore ba babu wanda zai ci bashi don a ce ɗanki yana Abuja. Akwai bukukuwan aure da muke sa rai kafin Sallah, masu kuɗin nan ba sa fasa biki don mai ya yi tsada, in an biya mu zan cika ashirin ɗin.

Auta, ka goge hoton nan daga wayar gida, kuma ka daina tura wa mutane. In ruwa ya sauka sosai ku fara shuka ta gonar gabas, kada a jira ni a waya. Dubu 25 ɗin na gona ne kawai, na sake faɗa, ko sisi kada Ɗanlami ya taɓa. Da direban ya iso a yi mini filashin in kira, ina so in ji daga bakin Inna cewa sun cika.

A gaida Gwaggo, a gaida liman, a shafa mini kan yara.

Ɗanki.