Wasiƙa daga Kumasi kan inshorar lafiya bayan ritaya

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Na ji cewa shekarunka 35 na aikin gwamnatin tarayyar Najeriya sun kusa cika, kuma ka nemi in bayyana maka yadda tsofaffi ke samun magani a nan Gana. Tambayar ta zo a kan gaɓa, domin shekarun da albashi ke tsayawa su ne waɗanda jiki ya fi buƙatar asibiti.

Tsarin inshorar lafiya na nan, wato NHIS, ya samo asali ne daga dokar 2003, zamanin Shugaba Kufuor, aka kuma sabunta shi da dokar 2012. Yawancin kuɗinsa yana fitowa daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kayayyaki, tare da wani kaso na abin da ma'aikata ke zubawa a asusun fansho na SSNIT. Mai karɓar fansho daga wannan asusu, da duk wanda ya kai shekara 70, ba sa biyan kuɗin shekara. Abin da ke damuna shi ne mutanenmu na Zango, 'yan goro da mahauta da teloli, waɗanda ba su taɓa aikin albashi ba: dole su ci gaba da biya har su cika saba'in, alhali ƙarfin neman ya riga ya ragu.

Katin yana ɗaukar nauyin hawan jini, da ciwon suga, da zazzaɓin cizon sauro, da cire yanar ido, amma bai haɗa da tabarau ko haƙoran roba ko na'urar ji ba. Kuma kowace shekara sai an sabunta shi, ko da ta waya ce, a danna *929#. Na ga wata dattijuwa a tagar masu kati, ta ciro nata daga ƙullin gyale, aka shaida mata ya daɗe da mutuwa, sai ta jira wata guda bayan sabuntawa. Ranar da kuɗin jikanta aka sayi maganin.

Halin da kake ciki ya bambanta, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Inshorar da ta rufe ka, kai da uwargida da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, a ɗaure take da albashi, saboda haka kada ka ɗauka za ta bi ka gida. Dokar 2022 da ta kafa NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta Najeriya, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma sa tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa, sai dai abin da ke rubuce a doka ba lallai ne ya iso hannun mutum da kansa ba. Ka je ofishin hukumar tun kafin takardar ritaya ta fito, ka nemi bayani kan shirin GIFSHIP da mutum ke biya wa kansa duk shekara, sannan ka kwatanta shi da na KSCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kano. Ka tabbatar wane asibiti za a ba ka, yaushe katin zai fara aiki, kuma ko maganin hawan jinin da kake sha yana cikin jerinsu.

Ka gaishe min da Hajiya, ka kuma rubuto min abin da suka faɗa maka. Allah ya sa a gama lafiya.

Naka amini,
daga Aboabo, Kumasi