Neman tsofaffin hotunan gadar tashar jirgin Kumasi

Assalamu alaikum iyaye da ƴan'uwa. A gafarce ni, roƙo na kawo.

Wata 5 ke nan ina haɗa ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasa ta Kumasi, a Ghana, da katako da kwali, komai an rage shi sau 87. Layin dogonmu faɗinsa milimita 1,067 ne, a samfurin ya dawo kamar milimita 12. Layi ya kwanta, taragun koko da goro ma sun zauna. Gadar ƙafa da ake hawa a tsallake layin ce ta tsayar da ni.

Ina yaro Baba yakan riƙe hannuna mu hau ta, na tuna ƙarar takalma a kanta, amma tunani ba ya ƙirga matakala. Ina son ganin yadda aka gitta ƙarafunan gefe, ƙafafunta nawa, da inda matakalar ke sauka. Hoton da mutum ke tsaye kusa ya fi min, domin da tsayinsa zan auna nata.

Jirgi ya iso Kumasi daga garin Sekondi na bakin teku a 1903, layin Accra ya haɗu a 1923, dole akwai hotuna a akwatunan gidajenmu. Musamman waɗanda iyayensu suka yi aikin reluwe a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, don Allah a tambayi tsofaffin gida.

Ko hoton ya koɗe, a ɗauke shi da waya, gaba da baya, a turo nan. Na gode.